Kare Fuska Daga Iskar Sanyi: Daga Babur a Hunturun Abuja Zuwa Tsaunin Ƙanƙara

Fuska ita ce sashen jiki da ya fi wuyar rufewa a lokacin sanyi. Ƙirji ana ninka masa riga, hannu da ƙafa suna da safa, amma fuska dole a bar mata ƙofar gani da ta numfashi, kunne kuma ya ci gaba da jin abin da ke tafe daga baya. Ga shi ita ce take fara karo da iska duk lokacin da mutum yake tafe da gudu a fili, a kan babur ne, a bayan a-kori-kura ne, ko a kan katakon zamiya a gangaren dusar ƙanƙara. Hanci da kunne sun turo waje, kitsen da ke ƙarƙashin fatarsu kaɗan ne, jini kuwa janyewa yake daga gare su da zarar jiki ya ji sanyi. Leɓe kuma ba shi da maiƙon kansa irin na sauran fata, shi ya sa yake riga kowa tsagewa.

A Abuja hunturu yakan shigo daga ƙarshen Nuwamba, ya yi ƙarfi a Disamba da Janairu, ya ja jiki a Fabrairu. Iskarsa daga arewa maso gabas take zuwa, mafi yawan ƙurar da take ɗauke da ita kuma daga kwarin Bodele ne a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki wanda ake lissafa shi a sahun gaba cikin wuraren da suka fi tayar da ƙura a duniya. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet, mai hedikwata a Abuja, takan yi gargaɗi idan ƙura ta taso daga Chadi da Nijar. Ɗarin Abuja bai kai na Kano ko Katsina ba, balle na Jos da ke kan tudu mai tsayin fiye da mita 1,200. Da asuba ma'auni kan sauka zuwa wajen digiri 15 na Selsiyus, da rana kuma ya haura 30. Wanda yake zaune a ofis a Garki ko Maitama zai iya cewa wannan ba sanyi ba ne. Ɗan acaɓar da ya fito bayan sallar asuba a Jikwoyi ko Dutse Alhaji ba zai yarda da shi ba.

Tun watan Oktoban 2006, lokacin da Nasiru El-Rufa'i yake ministan babban birnin tarayya, aka hana acaɓa a tsakiyar gari. Sana'ar ta koma garuruwan kewaye: Nyanya, Karu, Kubwa, Lugbe, Mpape, Dei-Dei, Zuba, Gwagwalada, Kuje, Bwari, da Mararaba a ɓangaren jihar Nasarawa. A nan ne ma'aikata suke hawa babur da duhun safe daga lungunan unguwa zuwa bakin titi don su kama motar shiga gari, a nan ne kuma hanyoyin da ba kwalta suke ƙara tasu ƙurar a kan ta hunturu. Sai masu kai saƙo a kan babur, waɗanda suke yini a manyan titunan gari, da manoman da ke kawo kaya kasuwa daga ƙauyuka kafin rana ta fito.

Abin da ke sa mai babur jin sanyin da mai tafiya a ƙasa ba ya ji shi ne gudun iska. Jiki yana ɗumama wata siririyar iska da ke manne da fata, ita ce take zame masa kariya. Iska mai gudu tana share ta, jiki ya sake ɗumama wata, a sake sharewa, kamar yadda ake hura koko mai zafi don ya huce. Paul Siple da Charles Passel, 'yan Amurka, su ne suka fara auna wannan a yankin Antaktika a wajen 1940, a 2001 kuma Amurka da Kanada suka fitar da lissafin da ake aiki da shi yanzu. Bisa wannan lissafi, idan ma'auni yana digiri 10 mutum kuma yana gudun kilomita 60 a awa, fatarsa tana rasa zafi kamar wanda yake tsaye a digiri 5. Idan ma'aunin yana digiri 20 ƙasa da sifili, wannan gudun yana mayar da shi kamar 36 ƙasa da sifili. Sai dai iska ba ta iya sanyaya fata fiye da sanyin da ita kanta take da shi. Saboda haka fatar mutum ba za ta daskare a Abuja ba komai gudunsa. Ɓarnar hunturu a nan bushewa ce: tsagewar leɓe, kaushin kumatu, haɓo, jan ido, ƙaiƙayin maƙogwaro, da tashin asma ga masu ita.

Shiri yana farawa ne kafin a ɗauki wani ƙyalle. Wanke fuska da ruwa mai zafi sosai da sabulu mai ƙarfi yana kwashe maiƙon da fata take kare kanta da shi, don haka ruwa mai ɗumi ya wadatar, sabulu kuma sau ɗaya a yini, da dare idan an dawo da ƙura. Wanda ya yi alwala ya bari fuskarsa da gemunsa su bushe kafin ya tayar da babur, domin ruwa a kan fata yana janye zafi da sauri idan iska ta buge shi, kuma yana tafiya da laimar fatar idan ya tashi. Aski da reza ya fi dacewa da yamma. Fuskar da aka kankare da safe aka fita da ita cikin jaura takan yi raɗaɗi har azahar. Gemu kuwa yana taimakawa a irin wannan busasshen sanyi, don yana riƙe ɗumi a haɓa.

Sai mai. Man kaɗanya da basilin su ne suka fi aiki, domin suna yin shimfiɗa a kan fata su hana laima fita. Lokacin shafa su shi ne bayan wanka, fata tana da sauran danshi, ana bi ta kan kumatu, gefen hanci, fatar kunne da bayan wuya. Kaɗan ake so. Mai da ya yi yawa yana kama ƙura, kafin a isa Nyanya daga Orozo fuska ta zama ja, ƙyallen ma ya yi dauɗa. Man shafawa mai ruwa-ruwa da ƙamshi ba ya daɗewa a hunturu. Gilisarin zalla ma ba a so, sai an sirka shi da ruwa ko an ɗora mai a kansa. Leɓe ana shafa masa basilin ko man leɓe kafin fita, a kuma riƙe ƙaramin kwano a aljihu don ƙarawa. Lasar leɓe tana ba da sauƙin minti ɗaya, yawu ya bushe ya bar shi ya fi da tsagewa.

Hanci yana da nasa sha'ani. Aikinsa shi ne ya ɗumama iska ya jiƙa ta kafin ta isa huhu, a hunturu kuwa wannan aikin yana busar da cikinsa har siraran jijiyoyin jini su fashe. Ruwan gishiri da ake sayarwa a kemis don ɗigawa a hanci shi ne maganin da ya fi dacewa. Ana iya shafa ɗan basilin a bakin ƙofar hanci, amma ba a cusa shi can ciki. Man zafi mai mantol da mutane da yawa suke shafawa yana sa a ji kamar hanci ya buɗe, amma ba ya ɗumama komai, yana iya sa ido hawaye a kan hanya, kuma ba a sa wa jarirai shi a hanci ko fuska. Idan haɓo ya ɓalle, a tsaya, a zauna, a ɗan sunkuyar da kai gaba, a matse taushin hancin na minti 10 ba saki. Ɗaga kai sama yana tura jinin maƙogwaro ne kawai.

Dabarar rufe fuska a cikin iska da ƙura tsohuwa ce a wannan yanki. Buzayen Azbin da ke tafiya da ayarin raƙuma daga wajen Agadas zuwa Bilma ɗauko gishiri suna ratsa Tenere ne a lokacin sanyi, inda dare kan kai kusa da daskarar ruwa, kuma da rawani da amawali suke yin tafiyar. Mahayan dawakin sarakunan Hausa ma haka suke naɗi. Abin lura a naɗinsu shi ne yadin siriri ne, ninki ne yake da yawa, kuma amawalin yana zaune a kan karan hanci ba tare da ya manne wa baki ba. Tsakanin ninki da ninki akwai iskar da ba ta motsi, ita ce take riƙe ɗumi. Tsakanin baki da yadi kuma akwai ɗan sarari inda numfashi yake ɗumama iskar da za a shaƙa. Duk wani abin rufe fuska na zamani, daga na ɗan acaɓa har na mai wasan ƙanƙara, waɗannan abubuwa biyu yake nema.

Amma rawani na mai raƙumi ne da mai doki. A kan babur jelarsa haɗari ce, kuma hular kwano ba ta zama a kansa. Abin da ya fi dacewa shi ne zagayayyen ƙyalle mai talewa wanda ake zurawa ta kai ya zauna a wuya, a ja gabansa sama ya rufe baki da hanci. Ana samunsa a wajen masu gwanjo a kasuwannin Karmo, Nyanya da Wuse, tela ma yana ɗinka shi cikin 'yan mintoci daga tsohuwar riga mai talewa: kewayensa wajen santimita 50, tsawonsa ma kusan haka, a haɗe bakin biyu da ɗinki. Ba shi da ƙulli da zai kwance, ba shi da jela da za ta shiga taya, kuma da yatsa ɗaya ake sauke shi idan za a yi magana da fasinja. Wanda ba shi da wannan, ya yi amfani da hirami ko gajeren mayafi, ya ɗaure a ƙeya, ya cusa bakin duka biyu cikin riga ya ja zif a kansu.

Irin yadin yana da muhimmanci fiye da kaurinsa. Numfashin mutum cike yake da laima, kuma duk abin da ya rufe baki zai jiƙe. Auduga tana shan ruwa ta riƙe shi, ruwa kuma yana ɗauke zafi kusan ninki 25 fiye da iska, saboda haka jiƙaƙƙen ƙyallen auduga a kan kumatu ya fi rashinsa sanyi. A Abuja busasshiyar iska tana rage wannan matsala, don ƙyalle yana bushewa da wuri, amma mai doguwar tafiya, kamar daga Kuje zuwa Gwagwalada ko daga Bwari zuwa Kubwa da asuba, zai ji bambanci. Ulu da yadin roba irin na rigunan 'yan ƙwallo sun fi, domin ulu yana riƙe ɗumi ko da ya ɗan jiƙe, yadin roba kuma ba ya ajiye ruwa. Idan gaban ƙyallen ya jiƙe, a juya shi busasshen ɓangare ya dawo gaba. Leda ko wani abin da iska ba ta ratsawa ko kaɗan ba a sa shi a baki da hanci.

Ƙyalle yana tare ɗari da manyan ƙwayoyin ƙura, amma ƙurar hunturu mai laushi tana ratsa shi. Ranar da hazo ya yi kauri har ba a ganin dutsen Zuma daga Zuba, mai asma ko ciwon zuciya ko tsohon tari ya sa takunkumin N95 a ciki, ya ɗora ƙyallen a kai. Takunkumin yana aiki ne idan ya manne wa fuska ta ko'ina, an kuma lanƙwasa ƙarfen da ke kan hanci. Mai cikakken gemu ba zai sami wannan mannewar ba, ko da yake zai rage wani abu. Shuɗin takunkumin asibiti da aka saba da shi tun lokacin korona yana barin iska ta gefe, kuma gudun babur yana tura shi cikin baki. Mazauna Mpape, inda ake fasa dutse, da masu bin hanyoyin da ake gini suna da wannan buƙata har bayan hunturu.

Hular kwano ita ce babbar garkuwar fuska daga iska, musamman mai rufe haɓa da gilashi a gaba. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta sa ta a faɗin Najeriya ranar 1 ga Janairun 2009, lokacin da aka ga wasu suna kifa ƙwarya a ka don kauce wa kamu. Har yau masu sa ta a garuruwan kewayen Abuja ba su da yawa, hunturu kuwa dalili ne na biyu da ya kamata ya sa a neme ta. Kuskuren da aka fi yi shi ne cusa katuwar hular sanyi mai tuntu a ƙarƙashinta. Hular kwano an yi ta ne ta kama kai daram, idan aka ɗaga ta da kaurin ulu sai ta riƙa rawa, ranar faɗuwa kuma ta fice. Siririyar hula mai rufe kunne ta isa, ko a ja zagayayyen ƙyallen nan ta baya ya hau ƙeya da kunnuwa. Igiyar haɓa a ɗaure ta yadda yatsa biyu kaɗai za su shiga. Kunne a rufe shi da ninki ɗaya, domin mai babur da ba ya jin hon ɗin tirela a kan titin Kubwa ko na Keffi ya sayi ɗumi da tsada.

Da zarar an rufe baki da hanci sai wata matsala ta taso: gilashi yana yin hazo. Numfashi mai ɗumi yana bi ta gefen hanci ya hau sama, ya sami gilashi mai sanyi, ya zama raɓa. Maganinsa shi ne a tilasta wa numfashin ya bi ƙasa. A ja bakin ƙyallen ya kama karan hanci sosai, a bar ƙasansa sakwa-sakwa wajen haɓa. Mai tabarau ya ɗora shi a kan bakin ƙyallen ya danne shi. Gilashin hular kwano a ɗaga shi kaɗan, kamar kaurin yatsa, idan an tsaya ko ana tafiya a hankali. Wasu suna shafa ɗigon sabulun ruwa a cikin gilashin su goge da laushin tsumma har ya yi haske, wannan yana hana raɓar taruwa na ɗan lokaci. Ƙurar da ta kwanta a waje kuma ba a goge ta a bushe, don tana karce robar, karcen kuma shi ne yake watsa hasken fitilun mota cikin ido da asuba. A zuba ruwa tukuna. Baƙin gilashi na rana ne. Sa shi da duhun safe cikin hazo ganganci ne, fari ko ruwan ɗorawa shi ne na wannan lokaci.

Wanda hularsa ba ta da gilashi ya nemi tabarau mai kewaye ido ta gefe. Iska tana sa ido hawaye, ƙura ta manne a hawayen, mutum ya sa hannu ya murza, daga nan jan ido ya fara. Wanke ido da ruwa mai tsabta bayan an sauka ya fi murza.

Tsarin sa kayan yana da tasiri, domin sanyi ta kafa yake shiga. Ana fara shafa mai, a zura ƙyallen wuya, a cusa ƙasansa cikin rigar sanyi, a ja zif ɗin jaket har sama ya hau kansa. Sannan siririyar hula, sannan a ja ƙyallen ya rufe hanci, sai tabarau, sai hular kwano, safar hannu a ƙarshe. Kafin a tayar da babur a waiga dama da hagu a ga ko wuya yana juyawa, ko gefen ido yana gani, a yi dogon numfashi sau biyu ko uku a ga ko gilashi ya yi hazo. Kafofin da aka fi mantawa su ne ƙarƙashin haɓa, bayan kunne, da goshi tsakanin tabarau da hula. Ɗumin fuska kuma yana da alaƙa da na sauran jiki: idan ƙirji ya yi sanyi, jiki yana rage jinin da yake aikawa hanci da kunne da yatsu. Jaket da iska ba ta ratsawa yana ɗumama fuska fiye da ƙarin ƙyalle na biyu, haka ma kofin shayi ko koko kafin fita.

Fasinja yana samun kariya daga bayan direba, amma mata su kula da gyale da dogon hijabi. Bakin da yake lilo yana iya shiga taya ko sarƙa ya fizge mace ta wuya. A tattare shi a kan cinya a danne kafin babur ya motsa. Yaran da ake kai wa makaranta sun fi manya saurin rasa zafi, kansu kuma babba ne idan aka kwatanta da jikinsu, don haka hula mai rufe kunne wajibi ce gare su. Ba a ɗora yaro a kan tanki ya zama shi ne mai tare iska. Jariri kuwa ba a rufe masa baki da hanci da ƙyalle ko takunkumi; goyo ne da mayafi mai sarari yake kare shi. Sai batun tsaro: Abuja gari ne mai shingayen bincike, mutumin da ido kaɗai ake gani a fuskarsa yana jawo zargi. A sauke ƙyallen kafin a isa shinge, ƙofar banki, masallaci ko rukunin gidaje. Ƙyallen kuma a wanke shi kullum da dare, a tanadi biyu ana musanyawa, don wanda ya tara yawu da mai da ƙura yana kawo ƙuraje a haɓa.

Duk wannan shiri ne na sanyin da ba ya daskarar da fata. Daga filin jirgin saman Nnamdi Azikiwe kuwa ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa suna tashi zuwa Kanada, Rasha, Turkiyya da ƙasashen Turai, wasunsu kuma sukan gwada wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Ko a Afirka ana yin sa, a Ukaimedan da ke tsaunukan Atlas na Maroko kusa da Marakesh, da Afriski a Lesoto, inda lokacinsa yake kamawa daga Yuni zuwa Agusta. Masu zuwa Dubai sun san Ski Dubai, wanda aka buɗe a 2005 cikin ginin kasuwa, sai dai sanyinsa kaɗan ne ƙasa da sifili kuma babu iska. Najeriya ma ta shiga fagen: Samuel Ikpefan ya wakilce ta a tseren zamiya na dogon zango a gasar Olamfik ta lokacin sanyi a Beijin a 2022. A irin tserensa, doka ta ce idan sanyi ya wuce digiri 20 ƙasa da sifili a ɗage gasar.

A wuraren ƙanƙara ƙa'idar tana nan yadda take, amma kuskure ya fi tsada. Hukumomin Kanada sun ƙiyasta cewa idan sanyi haɗe da iska ya kai tsakanin 28 da 39 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30, daga 40 zuwa 47 kuma cikin minti 5 zuwa 10. Auduga a ajiye ta gaba ɗaya. Ana fara sa siririyar hula ta ulu ko yadin roba mai rufe kai da wuya da haɓa, wadda ta bar ido kaɗai, sai hular kwano ta wasan, sai babban tabarau mai gilashi biyu da soso a kewaye. Bakin tabarau na sama ya haɗu da hular kwano, na ƙasa ya hau kan ƙyallen kaɗan, kada a bar ko tsagin fata a goshi ko a saman kumatu. Ranar iska mai tsanani ana ƙara takunkumin roba mai laushi wanda yake da ƙananan huji a baki da ƙofa a ƙarƙashin hanci. Numfashi a nan ba jiƙa ƙyalle kawai yake ba, ƙanƙara yake zama a kansa, har a gemu da gashin baki, don haka ana riƙe busasshen ƙyalle na biyu a aljihun ciki a musanya da rana. Wurin da aka fi shan sanyi shi ne kan kujerar da ke ɗaukar mutane zuwa saman tsauni, inda ake zaune ba motsi cikin iska bayan an yi gumi. A nan ake jan komai sama a juya fuska daga iskar. Tabarau ba a ɗaga shi a ɗora a goshi, zufa za ta shige shi ta daskare, cikin gilashinsa kuma ba a goge shi da safar hannu.

Mai da ke ceton fuska a Abuja ba ya hana daskarewa. Binciken da aka yi a kan sojojin Finlan ya nuna cewa masu shafa mai a fuska ba su tsira daga daskarewar fata ba, hasali ma ta fi samunsu, wataƙila don man yana sa mutum ya ji kamar ya karu sai ya ƙi rufewa. Man kare rana kuwa ana buƙatarsa ko ga baƙar fata, domin sabuwar dusar ƙanƙara tana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken rana mai ƙuna, ƙarfinsa kuma yana ƙaruwa da wajen kashi 10 a kowace mita 1,000 ta tsayi. Shi ne kuma dalilin da ba a cire tabarau ko da gari ya yi lumshi. 'Yan kunne da ƙarfen hanci a cire su, ƙarfe yana jawo sanyi cikin nama. Taba tana matse jijiyoyin jini, giya kuma tana sa a ji ɗumin ƙarya alhali jiki yana zubar da zafinsa. Mai cutar sikila ya ga likita kafin ya je, domin sanyi da tsayin tsauni duka suna tayar da ciwon.

Daskarewar fata tana farawa da tsikari da raɗaɗi, daga nan wurin ya mutu, ba a jin komai, kuma wannan rashin jin ne alamar haɗari. A farar fata wurin yana yin fari fat. A baƙar fata yakan yi toka-toka ko ya koɗe, ba kowa ne zai lura ba, saboda haka taɓawa ta fi kallo: idan kan hanci ko kumatu ko fatar kunne ya yi tauri kamar kakin zuma, ya fara. Masu wasan sukan duba fuskar juna duk lokacin da suka tsaya. Idan abin bai yi nisa ba, a juya wa iska baya, a cire safar hannu a ɗora tafin hannu mai ɗumi a wurin ba tare da murzawa ba, har ji ya dawo, sannan a rufe a shiga ɗaki. Ba a goga dusar ƙanƙara a kai, ba a kuma kara wurin a wuta ko na'urar ɗumama ɗaki, don fatar da ba ta ji tana ƙonewa mai ita bai sani ba. A cikin ɗaki ana amfani da tsumma da aka jiƙa da ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 39, ana sabuntawa. Idan ji bai dawo ba, ko wurin ya yi bororo, ko ya fara duhu, sai asibiti a ranar, kuma ba a komawa cikin sanyi da fatar da ta narke, domin daskarewa ta biyu ta fi ta farko lalata nama.